Bakanuwa a Tarkon Rangwame

'Yar Kawu, uwar ɗakina ta ƙarfi da yaji, gaisuwa daga bawanki na Zazzau. Ina gajiya, ina sanyin Shikago, ina kuma katin bashi? Shi ma a gaishe shi, don na san a gidan nan babu wanda ya kai shi aiki.

Ganga ta iso lafiya. Ranar Talata mai mota ya sauke ta a ƙofar gida, yaran unguwa suka yanyame ta kamar an kawo amarya. Gwaggonki ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta maƙala gilashinta, ni kuma da yake bawa ne aka miƙo mini wuƙa na ɓalle murfi. Bari in karanto miki abin da ke ciki, tunda na tabbata ke kanki kin manta. Rigunan sanyi masu gashi a wuya guda huɗu, a watan Maris, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Takalma ƙafa tara, babu wanda ya shigi kowa a gidan sai wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya. Kyandirori masu ƙamshin kirfa. Safa dozin biyu, kowace da hoton wata barewa mai jan hanci. Injin markaɗe biyu. Rabin kayan ko takardar farashi ba a cire ba, ja wur, an soke tsohon kuɗi an rubuta sabo.

Injin markaɗen shi ya fi ba mu labari. Wutar Amurka 120 ce, tamu 230, ba wanda ya gaya wa autarmu. Tana jonawa ya yi gurnani sau ɗaya, ya ce fat, hayaƙi ya tashi, kaji suka watse. Na biyun Gwaggo ta hana kowa taɓawa. Yanzu a cikin kofinsa take ajiye daddawa, ta ce murfinsa na kamawa da kyau.

Da aka gama baje kayan, ta ɗaga rigar sanyi ɗaya, ta juya gaba ta juya baya, ta ce, "Allah ya yi mata albarka." Ta yi shiru. Can ta cire gilashin ta dube ni, ta ce, "Amma yarinyar nan lafiyarta ƙalau kuwa?" Ban ba ta amsa ba, don bawa ba ya tona asirin uwar ɗakinsa a tsakar gida. A jarida yake tonawa.

Kin tuna ƙarshen Nuwamba da na kira ki ta bidiyo? Nan ƙarfe sha ɗaya na safe, can wurinku huɗu na asuba. Na zaci zan tashe ki daga barci, sai ga ki a layi a ƙofar kanti, kin naɗe kai da mayafi uku, hanci na yoyo, tururi na fita daga baki. Kika raɗa mini, "Bawa, kashe, an kusa buɗewa." Ke da a gidan Kawu sai an yayyafa miki ruwa kafin ki tashi sallar asuba! Da yamma kika kira da kanki kina haki, kika zagaya da ni gareji da waya. Kwalaye har rufi, mota tana kwana a waje cikin ƙanƙara. Kika ce akwai wasu a wani ɗakin ajiya da kike biyan haya duk wata. Wato kaya sun samu ɗaki da haya a Amurka, ni ɗan Gwaggonki ko biza ban samu ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne da kika ce, "Yau na tsira da dala ɗari uku." Na tambaya nawa kika kashe, kika ce ɗari bakwai. Na ɗauko biro na buga, na sake bugawa. A lissafinmu na Zariya, garin ilimi, wanda ya fita da ɗari bakwai ya dawo babu ko sisi, ɗari bakwai ya rasa. Sai na ce ƙila wani sabon lissafi ne aka ƙirƙiro a Kano bayan na bar makaranta.

Da Bazazzagiya ce ta yi wannan, da na yi mata uzuri. Mu malamai ne, ana cutarmu a kasuwa tun kaka da kakanni, mu dawo gida mu ce Allah ya isa cikin Larabci mai kyau. Amma ke? 'Yar Kantin Kwari, wadda aka yaye ta a kan dilar atamfa? Ni da na zo hutu sau biyu kawai na ga yadda Kawu ke yi, har yau ban manta ba. Azumi ya kai goma, sai ya sa yaro ya sauko da atamfar da ta shekara tana shan ƙura a sama, a kaɗe ta, a canja mata leda, a raɗa mata sabon suna. Mace ta shigo ta taya, ya ce albarka. Ta ƙara, ya kama gemu ya ce, "Hajiya, ko uwar kuɗi ba ki kai ba." Ta juya za ta fita, ya ƙwala wa yaro kira, "Kai, wannan ba ita ce Hajiyar Gwammaja ta ce a ajiye mata ba? Saura ɗaya fa!" Alhali akwai turmi hamsin a bayan labule, kuma a kansu kike zaune kina cin gurasa. Hajiya ta dawo da sauri, ya rage mata abin da ya riga ya ɗora tun safe, ta fita tana godiya. Kina kallo kina dariya. Yau ga shi an rubuta miki "saura biyu" da jan rubutu a waya, an sa agogo yana ƙirga daƙiƙa, kin zabura kamar Hajiyar nan. Wanzami ba ya son jarfa, amma ke kin miƙa goshi da kanki.

Kada ki ce sharrin Bazazzage ne. A Ingila akwai ƙungiyar kare masu saye da ake kira Which?, aikinta ta bi farashin kaya wata da watanni kafin Baƙar Juma'ar nan taku, ranar rangwamen da kika yi wa layi, da bayanta. Shekara bayan shekara abin da take samu ɗaya ne: mafi yawan kayan da aka yi wa shelar rangwame, ana samunsu a wannan kuɗin ko ƙasa da haka a wani lokaci na shekara. Kawu ne dai, ya sa kwat.

Sai dai a wani wurin sun fi Kawu, dole in sara musu. Shi Kawu kalanda yake jira, su kuwa kalandar suka matsar. Ranar Godiya da kuke soya talotalo, tun zamanin Shugaba Lincoln a 1863 ake yin ta a Alhamis ɗin ƙarshe ta Nuwamba. A 1939 watan ya zo da Alhamis biyar, ta ƙarshe ta faɗo ranar 30. Masu manyan kantuna suka ga kwanakin cinikin Kirsimeti sun yi kaɗan, suka kai kuka wurin Shugaba Roosevelt, shi kuma ya jawo ranar baya da mako guda, zuwa 23. Ƙasa ta rabu biyu, wasu jihohi suka bi shi, wasu suka ƙi, wasu suka ci talotalo sau biyu. Sai a ƙarshen 1941 majalisa ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu. Ki ƙaddara 'yan Kwari su haɗa tawaga zuwa Sakkwato su roƙi a ɗan jinkirta ganin wata da mako ɗaya, don shadda ba ta gama fita ba. Ko Kanawa ba su taɓa kai wa nan ba, duk da ba zan rantse ba su taɓa tunaninsa ba.

Ranar da aka ware don a gode wa Allah a kan abin da aka samu, washegarinta ake tattake juna a kan abin da ba a samu ba. Sunan ma ba na yabo ba ne. 'Yan sandan birnin Filadelfiya ne suka raɗa mata Baƙar Juma'a tun wajejen 1960, saboda cunkoso da wahalar da suke sha a ranar. Daga baya 'yan kasuwa suka wanke sunan, suka ce ai ranar ce littafin ciniki ke fita daga jan tawada na asara zuwa baƙi na riba. A 2008, a Valley Stream ta jihar New York, taron masu jiran rangwame ya ɓalle ƙofar wani babban kanti da asuba, aka tattake ma'aikaci ɗaya har ya mutu. Da na gan ki a layin nan, shi na tuna, kuma a nan ban yi dariya ba.

Ita kuma barewar da ke jikin safata, 'yar garinku ce. A Shikago aka haife ta a 1939, kantin Montgomery Ward ya sa wani ma'aikacinsa mai rubuta talla, Robert May, ya ƙago labarinta don a raba wa yara su jawo iyayensu kanti. A shekarar farko an raba fiye da kwafi miliyan biyu. Tsohon nan na Kirsimeti mai farin gemu da jar riga, ya girmi Coca-Cola, amma zanen tallarta da aka fara a 1931 shi ya kai wannan kamannin nasa ko'ina a duniya. Da suka ga Juma'a ɗaya ba ta isa ba, a 2005 ƙungiyar masu kantunan Amurka ta ƙirƙiro Litinin ɗin sayayya ta intanet. A China, Alibaba ya ɗauki 11 ga Nuwamba, ranar da gwauraye ke tsokanar kansu da ita, ya mai da ita kasuwa tun 2009. A ƙasashen Larabawa aka ga ba dama a kira Juma'a baƙa, sai Souq ya sa mata Farar Juma'a a 2014, aka ci gaba da gashi. Nan gida ma Jumia ta kawo mana ita, kuma tamu Juma'ar takan yi makonni ba ta ƙare ba. Mu da ba mu san Ranar Godiya ba, mun karɓi washegarinta hannu biyu.

Masu bikin na asali su ma suna kuka. Fafaroma Francis a zamaninsa ya sha yin faɗa a kan yadda saye-saye ya danne ma'anar Kirsimeti. Kin san Wusasa, kin san yadda 'yan'uwanmu Hausawa Kirista ke yi tun muna yara: a je coci, a dawo a dafa shinkafa da kaji, a aiko yara da kwanuka gidajen maƙwabta, mu ma ranar Sallah mu mayar da kwanon da nama. Ban taɓa ganin wanda ya kwana a layi a kan haka ba.

Na yi bincike a kanki, uwar ɗakina, don bawa nagari yakan san ciwon gida. Abin yana da suna a wurin likitocin ƙwaƙwalwa, wani Bajamushe Emil Kraepelin ya rubuta shi fiye da shekara ɗari da suka wuce. Alamominsa kamar a garejinki aka kwafo su. Zuciya ta yi nauyi, a ɗauki waya, a ga abu, ƙirji ya buga, a danna. Daɗin bai wuce lokacin dannawa da jiran kwali ba. Kwali ya iso, daɗi ya gudu, kunya ta maye gurbi, a tura shi bayan ƙofa ba a buɗe ba, kada maigida ya gani. Masu sayarwa kuwa sun share hanya tas. A da, kafin kuɗi su fita sai an kwance bakin zane, an ƙirga, an lashi yatsa an sake ƙirgawa, a nan ne hankali ke samun damar dawowa. Amazon tun 1999 ta yi rajistar dabarar saye da dannawa ɗaya. In babu kuɗi, ga Klarna da Afterpay sun ce a biya kashi huɗu. In an ɗora a katin bashi, ruwan da ke hawa kansa yakan haura kashi ashirin cikin ɗari a shekara. 'Yar Kawun da ko bashin banki bai taɓa ci ba saboda tsoron riba!

Na kuma san abin da ba kya faɗa. A Disamba rana na faɗuwa a Shikago kafin ƙarfe biyar. Kina dawowa daga aikin dare gari na daskare, yara na makaranta, maigida ya fita, babu mai leƙowa ta katanga ta ce a sam mata gishiri. A unguwarku babu mai yin sallama a ƙofa sai mai kawo kwali. To wa zai ga laifin wadda ta saba da gidan mutum talatin in ta riƙa kiran mai kwali kullum? Wannan ita ce amsar tambayar Gwaggo, amma ban gaya mata ba, don kada ta ce a haɗa mata jaka.

Na san yanzu kin fara wasa wuƙa, kina cewa maza sun ga ta mata. Tsaya, laifi tudu ne. Wani bincike da masana a Jami'ar Stanford suka fitar a 2006 ya nuna kusan mutum shida cikin ɗari na manyan Amurka na fama da wannan jaraba, kuma tsakanin maza da mata bambancin ɗan kaɗan ne. Ni ma zan faɗi nawa kafin ki ji a bakin Gwaggo da ƙarin gishiri.

Babbar Sallar bara na je kara da kuɗin rago madaidaici, wanda ya cika sharuɗɗan layya, har na kama igiyarsa. Sai na tuna maƙwabcina ya ɗaure wani Balami a ƙofar gida, fari tas, sai ka ce ɗan maraƙi. Dillali ya karanci fuskata, ya ja ni gefe ya nuna mini wani Uda mai ƙaho kamar kujera, ya ce, "Malam, wannan ai shi ne girmanka. Wani Alhaji ya taya, ya tafi ɗauko kuɗi." Kalmar Kawu ce sak, na gane ta, na kuma faɗa. Na cika da bashi. Da na kawo shi ban shigar da shi cikin gida ba, inda akwai inuwa da dusa. A ƙofar gida na kafa turke, a rana, kwana huɗu, don masu wucewa. Naman ya ƙare cikin mako biyu, bashin kuwa har watan Mauludi ina biya. Don haka in na kira ki mai gareji, ki kira ni mai turke.

Sallar tamu ma ai ta kama hanyar Kirsimetinku. Da can kayan Sallah kala ɗaya ne, yaro ya kwana da takalminsa a ƙarƙashin matashi, da safe a tafi Idi, a dawo a ci tuwo, a bazama yawon Sallah gidan dangi ana karɓar goro. Yanzu akwai na ranar Idi, na Hawan Daushe, na ɗaukar hoto, da ankon ƙawaye. Saurayi na kai kayan shan ruwa a kwando mai ado, sannan toshin Sallah, duk a ɗauka a waya a nuna wa duniya. Goman ƙarshe na azumi, da aka ce a raya dararenta da ibada, a shagon tela ake raya su, shi kuma telan ya kashe waya ya ɓuya gidan ƙanwarsa. Magidanci ya ci bashin shaddar Getzner, sai daren Sallah ya tuna bai auna zakkar fidda kai ba, mudun Annabi huɗu kacal a kan kowane kai. Kwari da Singa da Sabon Gari ba sa buƙatar Baƙar Juma'a, suna da wata guda cur.

Ga wani lissafin da zai yi wa Bakanuwa daɗi. A 1993 wani masanin tattalin arziki, Joel Waldfogel, ya tambayi ɗalibansa nawa aka sayi kyaututtukan da aka ba su lokacin biki, nawa kuma su da kansu za su iya biya a kansu. Ya gano cewa tsakanin kashi goma cikin ɗari zuwa sulusin kuɗin yana narkewa, saboda mai bayarwa bai san abin da mai karɓa ke so ba. Da ya zo tsakar gidanmu ranar Talata ya ga injin daddawa, da ya ƙara adadin.

Kin san kuma inda sauran ke ƙarewa? Janairu na kamawa, gareji ya cika, ku kwashi kaya ku kai wuraren sadaka. Abin da ba su iya sayarwa ba a daddanne shi a dila, a loda a jirgin ruwa. Wata dilar ta sauka Kantamanto a Accra, wata ta bi ta Kwatano ta ɓullo Ƙofar Wambai. Wato rigar da kika yi wa layin asuba cikin ƙanƙara, wata rana za ta dawo garin ubanki a matsayin gwanjo, wani Bakano ya kaɗe ta ya ce saura ɗaya, ni kuma Bazazzage in saya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

To ga magani, kyauta, ba kashi huɗu ba. Akwai wasu a Kanada da suka ƙirƙiro ranar kada a sayi komai tun 1992, amma ba zan ɗora miki abin da jinin Kano ba zai ɗauka ba. Abin da nake so kaɗan ne. In yatsa ya fara ƙaiƙayi, ki bar abin a kwando ya kwana uku, in har kin tuna da shi ranar ta huɗu, ki saya. Ki cire lambar katin nan daga waya, yadda sai kin tashi kin nemo jaka. In dare ya yi tsawo, lokacin nan gari ya waye, ki kira Gwaggo. Tana da labarin rigimar gado uku da auren da ya mutu biyu, za su kai ki har barci, kuma ba ruwa a kansu. Kuɗin ganga da na ɗakin haya ki tara, shekara biyu sun isa tikiti. Zumunta a ƙafa take, ba a taɓa cewa a ganga take ba.

Saura maganar da ta sa na ɗauki biro tun farko. Ke 'yar namiji ce, ni ɗan mace, shi ya sa kike kirana bawa tun ba ki iya ɗaura zane ba, na kuma amsa. Amma bawa na da haƙƙi. Watan cika-ciki uku ke nan ya wuce ban ga kuɗin sharata ba. Duk sanda na tambaya sai ki ce abubuwa sun yi tsada a Amurka. Yanzu na ga gareji da idona. Na yi miki rangwame na musamman, irin wanda kika fi so: shara ta shekara uku, ki biya ta biyu, amma sai kin kawo da hannunki, kuma tayin zai rufe ranar Sallah. Ki hanzarta, uwar ɗakina. Bawan saura ɗaya, kuma wata Hajiya ta taya.

Gwaggo na gaishe ki. Ta ce in kin tashi zuwa ki taho mata da wani injin, kuka ma na neman wurin zama.